Larduna, Gwamnoni da Hukumomin Gari a Saudiyya: Tambayoyi da Amsoshi

Duk mai bin labaran aikin Hajji ya saba jin "gwamnan Makka ya ce", ko "hukumar birnin Jidda ta rushe", ko "Sarki ya sauke gwamnan lardi kaza". Mutane da yawa suna ɗauka tsarin iri ɗaya ne da na jihohi da ƙananan hukumomi da suka sani a gida. Ba haka abin yake ba. Ga tambayoyin da aka fi yi game da yadda aka raba ƙasar da yadda ake tafiyar da ita daga sama har unguwa.

Kashi nawa aka raba Saudiyya?

Larduna 13 ne, kowanne ana ce masa minɗaƙa. Su ne Riyad, Makka, Madina, Lardin Gabas mai hedikwata a Damam, Ƙasim mai hedikwata a Buraida, Asir mai hedikwata a Abha, Tabuka, Ha'il, Jizan, Najran, Baha, Jauf mai hedikwata a Sakaka, sai Lardin Iyakar Arewa mai hedikwata a Ar'ar.

Ba su yi kusa da juna ba ko a yawan jama'a ko a faɗin ƙasa. Ƙidayar 2022 ta nuna mutum miliyan 32.2 ne a ƙasar, kuma kusan miliyan 13.4 daga cikinsu baƙi ne. Lardin Riyad yana da kimanin miliyan 8.6, na Makka kimanin miliyan 8, na Gabas ya ɗan haura miliyan 5. Waɗannan uku kaɗai sun kwashe kusan kashi biyu cikin uku na al'ummar ƙasar. A can ƙarshen jerin akwai Baha da Iyakar Arewa, waɗanda babu wanda ya kai mutum dubu 400 a cikinsu. Lardin Gabas ne ya fi kowanne faɗi, domin babban ɓangare na hamadar Rub'ul Khali yana cikinsa, kuma a nan ne man fetur yake, nan ne hedikwatar Aramco, kamfanin man ƙasar, take a Zahran.

Tun yaushe aka yi wannan rabo?

Dokar da ake aiki da ita yanzu, Nizamul Manaɗiƙ, Sarki Fahad ne ya fitar da ita a watan Maris na 1992, tare da wasu dokoki biyu: babbar dokar tsarin mulki da dokar Majalisar Shura. An yi mata gyara a 1993. Lokacin ba da jimawa aka gama Yaƙin Tekun Fasha ba, malamai da 'yan boko duk sun rubuta wa Sarki takardun neman gyara, don haka gidan sarauta ya ga ya kamata a rubuta yadda ake mulki a takarda. An taɓa fitar da wata dokar larduna a 1963, amma ba a yi aiki da ita ba.

Sai dai iyakokin sun girmi dokar. Yawancinsu sawun yaƙe-yaƙen Sarki Abdul'aziz ne. Ya karɓe Riyad a 1902, ya ƙwace Ahsa daga hannun Turkawan Daular Usmaniyya a 1913, ya ci Ha'il daga gidan Rashid a 1921, ya shiga Makka a 1924, Madina da Jidda suka miƙa wuya a 1925. Duk inda ya ci sai ya ajiye amintaccensa. Abdullahi bin Jiluwi, ɗan uwansa wanda suka yi harin Riyad tare, shi aka ba Ahsa, kuma zuriyarsa suka riƙe gabashin ƙasar shekaru da dama. Faisal, ɗan Sarki Abdul'aziz, ya zama wakilin mahaifinsa a Hijaz, yankin yamma inda Makka da Madina suke. Har zuwa 23 ga Satumba 1932 da aka haɗe ƙasar da sunan Masarautar Saudiyya, Hijaz da Najad, yankin tsakiya inda Riyad take, suna da tsarin mulki daban-daban. Batun Najran da Jizan da Asir kuwa sai bayan yaƙi da Yaman da yarjejeniyar Ɗa'if ta 1934 ya zauna.

Abin lura shi ne, a taswirar yau babu lardin da ake kira Hijaz, babu wanda ake kira Najad. An rarraba tsofaffin yankunan aka sa musu sunayen birane. A ganina wannan ba haɗari ba ne: gwamnatin da ta haɗa ƙasa da takobi ba za ta so a ci gaba da tunawa da tsofaffin masarautu a takardun hukuma ba. Iyakar Arewa labarinsa daban ne, domin garuruwansa irin su Ar'ar da Rafha da Ɗuraif sun taso ne a gefen tashoshin bututun mai na Tapline da aka gama a 1950.

Wa yake naɗa gwamnan lardi, kuma shekara nawa yake yi?

Sarki ne yake naɗa shi da umarnin sarauta, bisa shawarar Ministan Harkokin Cikin Gida, kuma da irin wannan umarni ake sauke shi. Ana ce masa amirul minɗaƙa, yana da matsayin minista, yana rantsuwa a gaban Sarki, amma a aikin yau da kullum Ministan Cikin Gida yake ba rahoto. Wa'adinsa shekara 4 ne, ana iya sabuntawa ba iyaka.

Wannan "ba iyaka" ɗin ba wasa ba ne. Sarki Salman ya yi gwamnan Riyad daga 1963 zuwa 2011, shekara 48, bayan wani zango da ya yi tun a shekarun 1950. Yarima Khalid al-Faisal ya riƙe Asir daga 1971 zuwa 2007, sannan aka mayar da shi Makka. Yarima Muhammad bin Fahad ya yi daga 1985 zuwa 2013 a Lardin Gabas. Yarima Fahad bin Sultan ya hau kujerar Tabuka tun 1987. Haka kuma ana iya tashi da safe a ji an sauke mutum. A watan Janairu na 2015, kwanaki kaɗan da hawan Sarki Salman, aka sauke 'ya'yan marigayi Sarki Abdullahi biyu, Turki daga Riyad da Mish'al daga Makka.

Dokar ba ta ce lallai sai ɗan gidan sarauta ba. A da, 'yan gidan Sudairi, surukan gidan Sa'ud, sun riƙe larduna irin su Jauf da Najran da Jizan. Amma a yanzu al'adar da ta zauna ita ce yarima ake ba kujerar.

To shi daidai yake da gwamnan jiha a Najeriya?

A'a, tazarar tana da yawa. Gwamnan Kano ko na Sakkwato jama'a ne suka zaɓe shi, yana da majalisar dokoki, da kwamishinoni, da kasafin kuɗi, da harajin da jiharsa take tarawa, kuma Shugaban Ƙasa ba ya iya tsige shi don ya ga dama. Gwamnan lardi a Saudiyya ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ya fi kama da gwamnonin jihohin Nijar, irin na Damagaram ko Maraɗi, waɗanda daga Yamai ake turo su, sai dai shi ga sarauta a jininsa.

Makarantun lardi na ma'aikatar ilimi ne, asibitoci na ɓangaren lafiya na ƙasa ne, kotuna na ma'aikatar shari'a ne, 'yan sanda na ma'aikatar cikin gida ne. Kowace ma'aikata tana da reshe a lardin, kuma kuɗin reshen daga Riyad yake zuwa. Lardi ba ya sa haraji. Harajin kayan masarufi da aka fara a 2018 da kashi 5 cikin ɗari, aka ɗaga shi zuwa kashi 15 a 2020, hukumar ƙasa ce take karɓarsa. Doka ɗaya ce daga Jizan har Tabuka.

In haka ne, me ya rage masa ya yi?

Da yawa, kuma nan ne mutum zai iya ruɗewa in takarda kawai ya karanta. Doka ta ɗora masa kiyaye tsaro da zaman lafiya, zartar da hukuncin kotu bayan ya tabbata, kare haƙƙin mutane, kula da dukiyar gwamnati da filayenta, sa ido a kan ma'aikatan rassan ma'aikatu, da ƙoƙarin bunƙasa lardin. Wato shi ne idon Sarki da hannunsa a wurin.

Ƙarfinsa na gaskiya yana cikin kusancinsa da Riyad. Daraktan lafiya na lardi ba yaronsa ba ne a takarda, amma in yarima ya kira shi a kan asibitin da aka bari ba a gama ba, ba zai ce sai ya tambayi ministansa ba. Gwamnan da yake ɗan Sarki ko ƙaninsa yana iya ɗaga waya ya samo wa lardinsa aikin da wani zai shekara yana rubuta wasiƙa a kai. Ana yawan kawo misalin Asir a zamanin Khalid al-Faisal, lokacin da Abha ta zama wurin shaƙatawa na bazara ga 'yan ƙasar saboda sanyin duwatsunta.

Sai kuma majalisi, wato zaman da gwamna yake yi don ganawa da jama'a. Mutum yana zuwa da takardar kokensa, wadda ake kira ma'arud, ya miƙa hannu da hannu: rikicin fili, neman a kai mara lafiya babban asibiti, bashin da ya kai mutum gidan yari, ƙorafi a kan wani jami'i. Yanzu ana iya tura yawancin irin wannan ta intanet, amma zaman bai mutu ba. Akwai kuma kwamitocin sulhu a ƙarƙashin ofishin gwamna, waɗanda suke shiga tsakani a shari'ar kisa, su roƙi dangin mamaci su yafe ƙisasi ko su karɓi diyya. Wannan hanya tana biyan buƙatar mutane da yawa, amma a sani roƙo ne ake yi. In an ƙi, mai koke ba shi da ƙuri'ar da zai rama da ita.

Me ke ƙarƙashin lardi? Jidda ba lardi ba ce?

Jidda ba lardi ba ce, duk girmanta. Gunduma ce, wato muhafaza, a cikin lardin Makka, kamar Ɗa'if da Rabig da Ƙunfuza da Lis. A lardin Madina akwai Yanbu da Badar da Khaibar da Ula. A Gabas akwai Ahsa da Ƙaɗif da Jubail da Khubar da Hafarul Baɗin. A Riyad akwai Kharj da Dir'iyya, tushen gidan Sa'ud. Gundumomin ƙasar sun haura 100, kuma ana ƙara sababbi lokaci zuwa lokaci.

An kasa su aji-aji bisa yawan jama'a da muhimmanci. Shugaban gunduma mai aji na farko, muhafiz, Firayim Minista ne yake naɗa shi. Na aji na biyu Ministan Cikin Gida ne. Manya irin su Jidda da Ɗa'if da Ahsa yarimomi ake ba su. Ƙarƙashin gunduma akwai markaz, ƙaramin ofishin mulki na gari ko tarin ƙauyuka, kuma sun haura 1,000. Shugaban markaz yana ba muhafiz rahoto, muhafiz ya ba gwamna, gwamna ya ba minista.

Ga mai aikin Hajji, wannan taswira tana da ɗan daɗin sani: miƙatin Zul Hulaifa yana lardin Madina, amma Juhfa ta wajen Rabig, da Ƙarnul Manazil ta hanyar Ɗa'if, da Yalamlam duk suna lardin Makka.

Akwai majalisar lardi?

Akwai, amma ba ta yin doka. Gwamna ne shugabanta, mataimakinsa yana biye, sai shugabannin rassan ma'aikatu, sai aƙalla mutum 10 daga mazauna lardin masu ilimi da gogewa, waɗanda ba su gaza shekara 30 ba. Gwamna ne yake ba da sunayensu, a naɗa su na shekara 4. Suna zama duk bayan wata uku, su tantance abin da lardin yake buƙata, su ba da shawarar ayyukan da za a sa a kasafin ƙasa, su bi diddigin waɗanda aka amince da su. Ma'aikata tana iya ƙin shawararsu, sai dai ta faɗi dalili.

Wa ke kula da shara, tituna, magudanan ruwa da lasisin shago?

Wannan wani layi ne daban, ba na gwamna kai-tsaye ba. Na ma'aikatar kula da birane ne, wadda aka kafa a 1975 kuma aka haɗe ta da ta gidaje a 2021. Manyan hukumominta ana ce musu amana, guda 17 ne: kowane lardi yana da ɗaya, sannan Jidda da Ɗa'if da Ahsa da Hafarul Baɗin suna da nasu. Ta Makka ana kiranta Amanatul Asimatil Muƙaddasa. Shugaban amana, amin, shi ne wanda kafofin labarai suke kira magajin gari, kuma naɗa shi ake yi. Ƙarƙashin amana akwai baladiyya ta kowane gari ko shiyya. Su ne masu duba gidajen abinci, masu ba da izinin gini, masu korar 'yan talla a bakin titi. Mai ƙorafi yana kiran lamba 940 ko ya shiga manhajar Balady.

Wannan rabon aiki tsakanin gwamna da amana da ma'aikatu yana da illa, kuma Jidda ta ɗanɗana. Ranar 25 ga Nuwamba 2009, daidai lokacin da alhazai suke fita Mina, aka yi ruwan sama na sa'o'i kaɗan, ambaliya ta kashe fiye da mutum 100 a birnin. An gano an ba da izinin gini a kan hanyoyin ruwa, kuma birni mai miliyoyin mutane ba shi da isassun magudanai. Sarki Abdullahi ya kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Yarima Khalid al-Faisal, aka gurfanar da jami'ai da 'yan kwangila. Tambayar da mutanen Jidda suka yi ta yi a lokacin ita ce: wa za mu kama? Ba su zaɓi amin ba, ba su zaɓi muhafiz ba, kuma kowane ofishi yana da wani ofishin da zai nuna.

Ana yin zaɓe kuwa a matakin gari?

An yi sau uku a wannan zamani, na majalisun baladiyya. Na farko a 2005, inda aka zaɓi rabin kujerun majalisu 178, gwamnati ta naɗa sauran rabin, kuma maza kaɗai suka yi. Na biyu an ɗage shi daga 2009 zuwa 2011, shi ma maza kaɗai. A watan Satumba na shekarar ne Sarki Abdullahi ya sanar cewa mata za su shiga na gaba. Ranar 12 ga Disamba 2015 aka yi na uku: majalisu 284, kashi biyu cikin uku na kujerun ta hanyar ƙuri'a, an rage shekarun mai zaɓe daga 21 zuwa 18, mata suka yi zaɓe suka kuma tsaya takara. Kimanin mata 20 suka ci. Wadda aka fara sanar da nasararta ita ce Salma bint Hizab al-Utaibi, daga Madraka a lardin Makka.

Babu jam'iyyu, kowa da sunansa yake tsayawa, don haka dangi da ƙabila da goyon bayan malamai suka yi tasiri sosai. Ikon majalisun kuma bai wuce sa ido a kan ayyukan baladiyya da duba kasafinta ba, shi ya sa mutane da yawa ba su damu da yin rajista ba. Tun daga 2015 ba a sake yin wani zaɓen ba.

Ba sabon abu ba ne gaba ɗaya. Bayan Sarki Abdul'aziz ya shiga Makka a 1924 ya sa mutanen garin sun fitar da majalisar wakilansu, kuma an yi zaɓukan baladiyya a wasu garuruwa a shekarun 1950 da farkon 1960 kafin a daina.

Akwai mai unguwa da hakimai?

Akwai mai unguwa, ana ce masa umda. Ma'aikacin gwamnati ne mai alaƙa da 'yan sanda. Shi yake shaida cewa wane mazaunin unguwarsa ne, ya taimaka wajen isar da sammaci, ya san mabuƙata, ya sasanta ƙananan rigingimu. A tsofaffin unguwannin Makka da Jidda da Madina umda mutum ne mai daraja ƙwarai, ko da yake manhajar gwamnati ta Absher ta ɗauke masa ayyukan takarda da yawa. A karkara kuwa akwai shehunan ƙabilu da wakilansu, waɗanda gwamnati take tabbatar da su. Suna da baki a sulhu da shaidar asalin mutum, amma ba su da ƙasar da suke mulka kamar yadda hakimi yake da gundumarsa.

A lokacin Hajji, wa ke da iko da Makka da Mina da Arfa?

Hannaye da yawa ne. Ma'aikatar Hajji da Umara ita take hulɗa da hukumomin alhazai na ƙasashe, ta raba kujeru, ta ba kamfanonin hidima lasisi. Ministan Cikin Gida shi ne shugaban babban kwamitin Hajji na ƙasa, kuma jami'an tsaron da suke tare hanyoyin shiga Makka suna neman tasrihi, wato takardar izinin Hajji, nasa ne. Gwamnan Makka yana jagorantar kwamitin da yake haɗa kan hukumomin da ke aiki a filin. Amana tana kwashe shara da duba mayanka da wuraren abinci. Masallatan Harami biyu suna da hukumarsu ta daban. Tun 2018 kuma aka kafa Hukumar Masarauta ta Birnin Makka da Wurare Masu Tsarki, wadda Yarima mai jiran gado Muhammad bin Salman yake shugabanta, ita take tsara makomar birnin da Mina da Muzdalifa da Arfa.

Waɗannan hukumomin masarauta ba su rage wa gwamnoni ƙarfi ba?

Sun rage, a ganina. Salon ya daɗe, domin tun 1975 aka kafa Hukumar Masarauta ta Jubail da Yanbu don gina biranen masana'antu biyu ba tare da bin layin ma'aikatu ba. Amma daga 2017 abin ya yawaita: ta Ula a 2017, ta Makka a 2018, ta Birnin Riyad a 2019, wadda ita ta kammala jirgin ƙasan cikin birnin da aka buɗe a Disamba 2024. Aikin NEOM na gina sabon birni yana cikin lardin Tabuka, amma ba gwamnan Tabuka ke juya shi ba. Duk waɗannan suna komawa ne ga Yarima Muhammad bin Salman, wanda ya zama Firayim Minista a Satumba 2022. A zamanin da 'ya'yan Sarki Abdul'aziz suke riƙe da larduna, kowannensu ƙaramin ginshiƙi ne mai mutanensa. Gwamnonin yanzu yawancinsu jikoki ne ko 'ya'yan jikoki, kuma manyan kuɗin raya ƙasa suna bi ta gefensu.

Ina matsayin baƙo, ko Bahaushen da aka haifa can, a wannan tsari?

Ya danganta da takarda. Akwai 'yan ƙasa da yawa masu asalin Afirka ta Yamma, waɗanda kakanninsu suka zo Hajji a ƙafa ta hanyar Sudan suka zauna, ana gane su da sunaye irin su Hausawi da Fallata da Barnawi. Su 'yan Saudiyya ne, suna da duk haƙƙin da ɗan ƙasa yake da shi a gaban gwamna da baladiyya. Mai iƙama kuwa, wato baƙo mai takardar izinin zama, ko a can aka haife shi, ba ya cikin majalisar lardi, bai yi zaɓen baladiyya ba, kuma harkar zamansa tana hannun Jawazat, ofishin fasfo da shige da fice, da ma'aikatar ƙwadago. Yana iya kai ƙorafi ofishin gwamna ko ya kira baladiyya kamar kowa. Wanda ba shi da iƙama ba ya iya tunkarar ko ɗaya.

Bambancin ya fito fili a 2021 da 2022, lokacin da aka rushe unguwanni da dama a Jidda da sunan kawar da gine-ginen da ba su kan tsari, ciki har da Karantina da Sabil da Gulail da Kandara, inda 'yan Afirka da yawa suka daɗe da zama. Wani kwamiti na lardin Makka ne ya jagoranci aikin tare da amanar Jidda. An tsara diyya ga 'yan ƙasa masu gidaje, aka ba wasu iyalai 'yan ƙasa matsuguni. Baƙin da suke haya a unguwannin kuwa sai suka nemi wani wurin da kansu, a lokacin da kuɗin haya ya tashi a sauran sassan birnin.